Kafin ku rubuta manhajar ɗaukar fasinja, ku je ku tsaya a bakin titi

Tambaya: Ni da abokaina biyu mun karanta kwamfuta, muna son mu ƙirƙiri manhajar da za ta riƙa haɗa fasinja da masu adaidaita sahu da masu ƙananan motoci a Kano. Mun tura fom a guruf-guruf na WhatsApp, kusan duk wanda ya cike ya ce zai yi amfani da ita. Amma wani yayanmu ya ce wannan ba hujja ba ce. To yaya za mu gane ainihin abin da masu hawa suke buƙata?

Amsa: Ƙanena, yayan naku ya faɗa muku gaskiya, ku riƙe shi da kyau. Na yi shekaru ina bin fasinjoji da direbobi da littafi da biro, ina tambayarsu yadda suke zirga-zirga, kuma kuskurena na farko irin naku ne sak. Na raba takardar tambaya, kowa ya ce "sosai ma, Allah ya sa a fara a sa'a", na koma ofis baki har kunne. Da aka fara, cikin masu yi mini addu'ar nan ƙalilan ne na sake gani. Ba ƙarya suka yi mini ba. Bahaushe yana da kara, idan yaro ya zo masa da sana'ar da yake son farawa ba zai kashe masa gwiwa ba, kuma cewa "zan yi" ba ta cin ko sisi. Sannan ka duba su wa ke cikin guruf ɗin da kuka tura fom ɗin. Abokan karatunku ne, masu babbar waya da data, masu karanta Turanci. Hajiyar da ke shiga Kantin Kwari sau uku a mako ta saro atamfa ba ta ga fom ɗinku ba, alhali ita ce mai biyan kuɗin shata ba tare da ta ji a jikinta ba.

Saboda haka ka bar tambayar gobe, ka koma tambayar jiya. Kada ka ce wa mutum "za ka yi amfani da manhaja?" Ce masa, "Jiya da ka fita, ina ka je? Ƙarfe nawa ka bar gida? Me ka hau? Nawa ka biya? Ka daɗe a tsaye?" Abin da ya riga ya faru ba a yi masa ado sosai, kuma a cikin labarinsa za ka ji inda takalmin yake matsa masa.

Kafin ka fita ma, ku zauna ku uku ku tantance wace sana'a kuke nufi, domin abubuwa biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne irin na Uber, wanda ya shigo Legas a 2014 ya ƙaraso Abuja a 2016, da Bolt da ya fara a Legas a 2016 da sunan Taxify: ka kira mota ta zo ta ɗauke ka kai kaɗai ta kai ka inda za ka. A Hausance wannan shata ce, ko dirof kamar yadda 'yan sahu ke cewa, waya kawai ta shigo tsakani. Na biyu shi ne irin na BlaBlaCar da aka kafa a Faransa a 2006: mai mota da ma zai yi tafiyarsa, yana da kujeru babu kowa, sai ya ɗauki masu zuwa inda za shi su taimaka masa da kuɗin mai. Mai neman na farko lokacinsa da sirrinsa yake saye. Mai neman na biyu rangwame yake nema. Idan kuka cakuɗa su wuri ɗaya, tambayoyinku ma za su cakuɗe.

Yanzu ga abin da masu zuwa da tunanin San Francisco, birnin Amurka da Uber ya fara aiki, suke mantawa. A can, Uber ya samu gari inda samun tasi yake da wuya. A Kano kuwa, ka tsaya a Kabuga ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Bata da rana, kafin ka gama ɗaga hannu adaidaita biyu sun taka birki. Kuma adaidaita da ma hawan haɗaka ne: mutum uku a baya, wani lokaci a ƙara a gefen direba, kowa ya biya kuɗin kujerarsa ya sauka inda ya ga dama. Wato abin da kuke son sayarwa, a kan manyan tituna da rana tsaka, an riga an sayar da shi cikin araha, ba data, ba caji, ba jira. Duk wanda ya kira adaidaita ta manhaja don ya ɗauke shi shi kaɗai, kuɗin kujeru uku ko huɗu zai biya. Lissafin a fili yake. Ma'aikacin da ke ƙirga kuɗin motarsa daga albashi zuwa albashi ba zai yi haka kullum ba, ko da manhajar ta fi kowace kyau a duniya. Tambayar da ta dace ke nan: a wane lokaci, a wace unguwa, ga wane irin mutum ne wannan tsari na ɗaga hannu yake gazawa? Kasuwarku tana cikin waɗannan ramukan, ba a kan kwalta ba.

Tarihin adaidaitan kansa zai nuna maka hanya. Sunan ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma da farko don mata aka kawo kekunan, saboda a raba su da hawa bayan ɗan acaɓa. Daga baya, a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, sai adaidaita ya gaje titin gaba ɗaya. Ka ga sau biyu ke nan sufurin Kano yana sauya kama, kuma ba sauri ko sauƙin farashi ne ya jawo ba. Na farko mutuncin mata ne, na biyu tsaro. Waɗannan biyun har yau su ne jijiyar lamarin.

Bari in ba ka misali da abin da na gani da idona. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da na yi hira da ita, tana zaune wajen Rijiyar Zaki, tana aiki a wani asibiti a ɗaya ɓangaren gari. Na tambaye ta yadda take zuwa aikin dare. Ta ɗauko waya ta nuna mini lamba, an ajiye ta da sunan "Ɗan sahu na gida". Yaron unguwarsu ne, mijinta ya san mahaifinsa, a masallaci ɗaya suke salla. Shi ke kai yaranta uku makaranta da safe ya ɗauko su da azahar, wata-wata ake biyansa. Ranar da take da aikin dare, filashin kawai take yi masa. Idan wata ya yi nisa, yana ɗaga mata ƙafa. Ranar da ƙaramar 'yarta ta manta kwanon abincinta a keken, da yamma ya kawo shi har gida an wanke. Na ce mata, "To in akwai manhajar da za ta kawo miki wani cikin minti biyar, kuma ya fi araha fa?" Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Wani wa? Yarana zan ba wani?" Na dage, na ce, "To ba ya taɓa ba ki matsala?" Nan ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Sai dai ranar da kekensa ya lalace, ko ya tafi garinsu. Ranar nan kam ina shan wahala. Akwai ranar da na makara har aka yi mini takarda."

Wannan jimla ta ƙarshe ta fi mini fom ɗari daraja. Ta nuna mini abokin gasarmu na gaskiya, wato lambar ɗan sahun da ke cikin wayarta, ta kuma nuna mini inda yake da rauni: shi mutum ɗaya ne, yana rashin lafiya, kekensa yana lalacewa, yana zuwa biki. Matar nan ba baƙon direba take nema ba. Tana neman wanda zai tsaya a madadin nata ranar da ba ya nan, kuma a ce wani da ta yarda da shi ya tsaya masa. Da a ce manhajarku za ta bar ta ta saka ɗan sahunta a ciki, shi kuma ya ambaci abokan sana'arsa biyu da ya amince da su, da kun taɓa abin da yake damunta. Taurarin da fasinjoji ke ba direba a manhaja suna da amfani, amma a wurinta tauraro biyar daga mutanen da ba ta sani ba bai kai "ɗan gidan Malam wane ne" ba.

Za ka lura sai da na yi tambaya ta uku sannan maganar ta fito. Haka abin yake. Amsar farko ta kara ce, ta biyu ta kare kai ce, sai a ta uku ko ta huɗu mutum yake sakin jiki. Tambayoyin da suka fi buɗe mini baki su ne irin waɗannan: yaushe rabonka da ka fasa zuwa wani wuri saboda abin hawa? Wace tafiya ce ta fi ba ka haushi a watan nan? Ka taɓa sauka daga adaidaita kafin ka isa, me ya sa? In dare ya yi maka a waje, wa kake kira? Idan mutum ya fara ba da labari, ka yi shiru, kada ka cika masa magana, kuma don Allah kada ka fito da wayarka ka fara nuna masa zanen manhajarku. Da zarar ya gane kaya kake tallatawa, hira ta mutu, sai yabo.

Kuma ku nemi mace a cikinku. Ku uku maza ne, in na fahimta daidai, kuma akwai abin da matar aure ko budurwa ba za ta taɓa gaya muku ba: namijin da ya matse ta a kujerar baya, direban da ya riƙa kallonta ta madubi, wanda ya ajiye lambarta bayan ta kira shi sau ɗaya ya dame ta da saƙo cikin dare. Wannan na ƙarshe ku rubuta shi da jan biro, domin manhajar da ke ba direba lambar fasinja kai tsaye tana iya korar mata da yawa ba tare da kun taɓa sanin dalili ba. Ku sa ƙanwarku ko wata abokiyar karatunku ta shiga gidajen biki da islamiyyar matan aure da wurin awo a asibiti, ta zauna ta saurara. Kada kuma ku manta cewa sau da yawa mai hawa daban, mai biya daban, mai ba da izini daban. Maigida da ke kasuwa yana son ya san wa ya ɗauki iyalinsa, kuma sun isa ko ba su isa ba. Ɗa da ke Abuja yana son ya biya wa mahaifiyarsa abin hawa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ranar ganin likita, ita kuwa ƙaramar waya gare ta, ba ta karatun boko. Waɗannan duka masu buƙata ne, ko da ba su za su zauna a kujerar ba. A Saudiyya, kafin a ba mata damar tuƙi a watan Yunin 2018, mata ne mafi yawan masu kiran irin waɗannan motoci, kuma kamfanonin da suka gane haka da wuri su suka ci kasuwar.

Hira kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ido. Ka je bakin Kwari ko Singa da la'asar sakaliya lokacin da ake tashi, ka tsaya awa guda, ka ƙirga mutum nawa ne masu kaya suka tsayar da adaidaita ya ƙi ɗaukarsu, ko suka yi ciniki aka kasa daidaitawa. Ka je tashar Unguwa Uku bayan isha ka ga yadda baƙon da ya sauka da jaka yake rarraba ido. Ka fita ranar da aka yi ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya, ka ga unguwannin da 'yan sahu ke cewa "ba na shiga" saboda taɓo. Ka gwada da azumi, rabin awa kafin shan ruwa. Ka shiga can cikin Ɗorayi ko Sheka ko Bachirawa da asuba ka auna tafiyar ƙafa nawa ce daga ƙofar gida zuwa inda ake samun abin hawa, sannan ka yi tunanin mai tsohon ciki ko dattijo mai ciwon gwiwa. Duk inda ka ga an tsaya ana jira, ko ana gardama, ko an haƙura an taka, ka rubuta wuri da lokaci.

Sai batun kwatance, wanda ya fi kashe manhajoji a garuruwanmu fiye da yadda ake zato. Masu rubuta manhaja suna ɗauka kowa zai iya dangwala yatsa a taswira ya ce ga ni nan. Na taɓa zama a gefen wani direba a lokacin gwajin wani kamfani da na yi wa aiki, taswira ta ce fasinja yana nan, muka isa ba kowa sai katangar makaranta. Direban ya kira. Aka ce, "Ka san gidan mai na biyu? To ka shigo layin mai shayi, ka wuce taransifoma, za ka ga masallaci mai koren fenti, ba shi ba, na gabansa, sai ka tambayi gidan mai ɗinki." Minti goma sha muka yi muna zagaye, katin direban ya ƙare, ya juyo ya ce mini, "Yallaɓai, da a titi nake da yanzu na yi lodi biyu." Washegari ya kashe manhajar. A cikin birni ma akwai lungunan da ko adaidaita ba ya shiga. Mutanenmu da alama suke gane wuri, ba da lambar gida ba: masallaci, makaranta, gidan mai, gidan mai unguwa, bishiyar da aka sare shekara goma amma har yau sunanta ake kira. Don haka ka tambayi kowane mutum, "In baƙo zai zo gidanka, yaya kake yi masa kwatance?" Amsoshin za su gaya maka ko manhajarku tana buƙatar wurin saƙon murya, da jerin sanannun matsayai a kowace unguwa inda fasinja zai fito a haɗu.

Kuɗi kuma babi ne mai zaman kansa. Uber da kati kawai ya fara, sai a 2015 ya gwada karɓar tsabar kuɗi a Hyderabad ta Indiya, saboda ya gane dole ya bi aljihun mutane yadda yake. Mu nan, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa mutane da yawa taransifa, har da 'yan sahu, amma ka tambaya ka ji nawa ne suka taɓa tsayawa a bakin titi suna jiran alat direba yana huci. Sannan akwai ciniki. Wasu fasinjojin sun gaji da shi, suna son a faɗa musu farashi tun kafin su hau, musamman baƙi da mata da ake yi wa tsada. Wasu kuma in ba su taya ba, ji suke an cuce su. Kamfanin inDrive a kan wannan ya ginu. A garin Yakutsk na Rasha ya samo asali a 2012, lokacin da masu tasi suka ninka kuɗi cikin tsananin sanyi, sai matasa suka buɗe guruf inda fasinja zai faɗi abin da zai biya, direban da ya yarda ya ɗauka. Wanne ne ya dace da naku mutanen? Ba ni zan gaya maka ba, bakin titi ne zai gaya maka, kuma mai yiwuwa amsar 'yan Kwari ta sha bamban da ta ɗaliban Jami'ar Bayero.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne rangwame. Mutanen Kano ba su manta 2019 ba, lokacin da OPay ya shigo da adaidaitansa da farashi mai rahusa ƙwarai, kowa ya sauke manhajar. A 2020 kamfanin ya dakatar da harkar sufurin ya maida hankali kan hada-hadar kuɗi. Darasin da ni na ɗauka shi ne, cikar kasuwa ranar da ake rabon kaya ba ta nuna maka masu saye. Ku da ba ku da kuɗin da za ku yi ta cike gibi, ku gwada da farashin gaskiya tun ranar farko. Kuma farashin gaskiyar nan ba ya zama wuri ɗaya. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Duk hirar da aka yi da fasinja kafin wannan rana ta tsufa. Mutane sun rage fita, sun koma haɗa saƙo uku a tafiya ɗaya, masu mota sun ajiye ta a gida.

Wannan kuwa shi ya buɗe ƙofar nau'i na biyu, na haɗa kuɗin mai. Wanda ya san Abuja ya san yadda ma'aikata masu motar kansu ke tsayawa a Nyanya da Mararaba da Kubwa su kwashi mutane zuwa cikin gari don su rage kuɗin mai, ya kuma san tsoron 'yan "one chance", masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin motar. Buƙatar a nan a bayyane take: ina son araha, amma ina son in san motar wa na shiga. A Kano za ka iya samun irinta tsakanin ma'aikatan sakatariya ɗaya da ke zaune a unguwa ɗaya, ko masu zuwa Zariya da Kaduna da Katsina duk ƙarshen mako. Sai dai ka bincika wani abu da fom ba zai nuna maka ba: kunyar karɓar kuɗi. Mai mota zai ɗauki maƙwabcinsa kyauta shekara guda yana ƙorafi a zuci, amma ba zai iya buɗe baki ya ce kawo kuɗin mai ba. Shi ma maƙwabcin yana jin nauyi, har ya riƙa ɓuya. Wataƙila babban aikin manhaja a nan shi ne ta ɗauke musu wannan nauyin, kuɗi ya wuce ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. BlaBlaCar ma sunansa daga irin wannan ƙaramar lura ya fito: suna tambayar mutum yawan surutunsa a mota, Bla ko BlaBla ko BlaBlaBla, don kada a haɗa mai son shiru da aku. In kuma tafiya tsakanin garuruwa kuka nufa, ku sani 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho na tasha ba za su zuba ido ana kwashe musu fasinja ba. Ku je ku gaishe su tun kafin su neme ku.

Waya ma abin dubawa ce. Kada ka tambayi mutum ko yana da babbar waya, ka ce ya nuna maka. Za ka ga allo a fashe, wuri ya cika har sai an goge hotuna kafin a sauke wani abu, data a kashe sai za a duba WhatsApp, caji saura kaɗan. Ga ƙwacen waya da ya addabi Kano, wanda ya sa mutum ba zai so ya tsaya a bakin titi da magariba yana kallon taswira ba. Gojek na Indonesiya, wanda ya zama ƙaton kamfani, a 2010 da ɗakin amsa waya da 'yan acaɓa ashirin ya fara. Sai a 2015 ya fito da manhaja. Shekara kusan biyar suna sauraren muryar masu kira kafin su zana maɓalli ɗaya.

Na bar direba zuwa yanzu da gangan, domin shi ne rabin kasuwar kuma shi aka fi mantawa. Yawancin 'yan sahu ba su ne masu keken ba. Akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ko kuma suna biya kaɗan-kaɗan har su mallaka, ga mai, ga kuɗin takardu, ga na bakanike. Lissafinsa na yini ne, ba na wata ba. In ka ce zai bar layinsa ya tafi babu kowa ya ɗauko mutum ɗaya a lungu, ya jira shi ya gama saka takalmi, sannan ka cire kamasho, dole abin da ya rage ya fi abin da zai samu a titi, in ba haka ba ba zai amsa ba. Ka zauna da su wurin mai shayi da safe ko inda suke wanke keke, ka tambaye su wane lokaci ne suke yawo ba fasinja, wace unguwa ce suke tsoro, wane irin fasinja ne ba sa so. Su ma suna da fargabar a kira su lungu da dare a ƙwace keken. Kuma ka shirya wa wannan: ranar da direba da fasinja suka ji daɗin juna, za su karɓi lambar juna su bar ku a waje. Kada ka kira shi cin amana, ɗabi'ar kasuwar ce, irin ta ma'aikaciyar jinyar can. Abin da za ku tambayi kanku shi ne me zai sa su biyun su ga gara su ci gaba da bi ta wurinku, ko don madadin ranar lalura, ko don ajiyar lissafin wata, ko don in an yi mantuwa ko rigima akwai wanda za a kai wa ƙara.

Hukuma kuma a taƙaice: ku san dokokin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kafin ku fara. A watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wato daidai lokacin da aka fi neman abin hawa a rasa. A Legas, dokar Fabrairun 2020 da ta hana babur da keke a manyan sassan birnin ta durƙusar da harkar ɗaukar fasinja ta kamfanoni irin su Gokada cikin dare ɗaya. Sannan tunda za ku riƙe sunaye da lambobi da wuraren da mutane ke zuwa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku.

In ni ne ku, ba zan rubuta layin kod ko ɗaya ba a wata biyu masu zuwa. Zan yi hira da mutum talatin zuwa arba'in, rabi mata, da direbobi goma sha, har sai na ji labaran sun fara maimaita kansu. Daga nan zan zaɓi rami ɗaya kawai, misali kai yara makaranta a unguwa ɗaya, ko ma'aikatan asibiti masu aikin dare, ko 'yan kasuwa masu kaya daga Kwari zuwa tasha. Zan sayi layi ɗaya, in samu 'yan sahu biyar da mai unguwa ko limami ya sani, in riƙa amsa kira da kaina ina haɗa su, ina rubuta komai a littafi: wa ya kira, ƙarfe nawa, daga ina, nawa ya biya, ya jira minti nawa, ya yi ƙorafin me. Wanda ya kira sau ɗaya bai gaya maka komai ba. Shafin da za ka riƙa dubawa duk daren Juma'a shi ne na waɗanda suka sake kira a mako na biyu da na uku da cikakken farashi, sai kuma na waɗanda suka daina. Su waɗannan na biyun, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gaishe su, ka tambaye su jiya me suka hau.